Tarbiyyar da Na Ba 'Yata Ce Ta Kayar da Ita a Makarantar Likitan Haƙori

Assalamu alaikum, Anti mai fili.

Don Allah ki taimake ni, abin da ya same ni ya fi ƙarfin tunanina, kuma na rasa wanda zan faɗa wa ba tare da ya yi mini dariya ba. Na gwada faɗa wa yayata, sai da ta yi dariya har ta ƙware da ruwa. Ni kuwa ban ga abin dariya a ciki ba. Ki sakaya sunana.

Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu. Karatuna a sakandare ya tsaya, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba, domin a unguwarmu in ana maganar tarbiyya gidana ake nunawa. 'Ya'yana ba sa wuce babba ba gaisuwa, ba sa tsare shi da ido, ba sa yi masa tambayar ƙwaƙƙwafi. Wanda ya yi ba daidai ba kuwa, a nan take nake faɗa masa, ba na barin faɗa ya kwana. Ban yarda da wannan tarbiyya ta zamani ba, wadda za ki ga uwa tana roƙon ɗanta ya yi wanka kamar mai neman alfarma a ofis.

Babbar 'yata tana karatun likitan haƙori, saura kaɗan ta gama. Ba don tawa ba ce, Allah ya yi wa hannunta baiwa. A makarantarsu akwai wasu kawunan roba masu haƙoran roba da suke koyon aiki a kansu, kuma nata aikin ake ɗagawa a nuna wa sauran ɗalibai. In ta cike ramin haƙori sai kin rantse da shi aka halicce shi. Ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Sai wannan zangon aka kawo musu wani sabon darasi, wai koyon yadda ake magana da marar lafiya. Da ta faɗa mini, cewa na yi ikon Allah, yarinyar da ta tashi a gidana ce za a koya wa magana? Na ce mata wannan kam kin ci kin gama, ki mai da hankali kan masu wuya.

Anti, shi ta faɗi.

Bari in gaya miki yadda suke yin jarrabawar, don ni ma sai da aka yi mini bayani. Hayar 'yan wasan kwaikwayo suke yi, a zaunar da su a kujerar nan mai kwantawa, kowa a ba shi labarin da zai zo da shi. Ɗalibi ya shigo ya yi magana da su kamar marasa lafiya na gaske, kyamara tana ɗauka, malamarsu tana gefe tana sauraro. Ba a taɓa haƙorin kowa, magana ce kawai. Bayan sakamako ya fito aka ba ta bidiyon don ta ga kurakuranta, muka zauna a falo ni da ita da babansu muka kalla.

Na farko wani dattijo ne, ya kai sa'an kakanta. An ce masa ya yi kamar yana tsoron allura, kuma ya ɓoye cewa yana shan taba, sai in likita ta iya tambaya ya faɗa. 'Yata ta shigo ta gaishe shi, ta sake gaishe shi, ta tambayi iyali, ta tambayi gajiya. Har nan zuciyata fari tas. Daga nan ta sunkuyar da kai, duk bayanin da ta yi takalmansa ta yi wa. Ga takunkumi a fuskarta, ga murya can ƙasa, dattijon ya yi ta cewa bai ji ba. Maganar taba kuwa ko kusa ba ta je ba. To ina za ta je? Yarinyar da na raina za ta dubi mai furfura ta ce, baba kana shan taba? Ni a wurina ladabi na gani. Malamar ta ce ba ta dube shi ba ko sau ɗaya, kuma ya tashi da tsoronsa yadda ya zo da shi.

Na biyu saurayi ne, an ce masa ya zo a matsayin mai yawan shan lemon kwalba, ba ya goge baki, dasashinsa yana jini. Nan ne 'yata ta sami murya. Ta miƙe tsaye a kansa, ta riƙe ƙugu da hannu ɗaya, ta nuna shi da yatsa ta cikin safar hannu. Ga abin da ta ce, ban ƙara ko kalma ba: "Kai yanzu ba ka ji kunya ba, ƙato da kai ka zo wa mutane da baki haka? Buroshi ne ya yi maka tsada, ko hannunka ne ya karye? To ka ci gaba. Ranar da suka zube kada ka nemi kowa." Ta rufe da tsaki.

Babansu ya juyo ya dube ni, sannan ya ɗaga kai yana nazarin fankar silin kamar yau aka sa ta. Muryata ce. Riƙe ƙugun nawa ne, yatsan nawa ne, har tsakin nawa ne, a daidai inda nake sa shi. Kuma har yanzu da nake rubuta miki, ban ga ƙarya a cikin abin da ta faɗa ba. Wanda ba ya goge baki ai sai an faɗa masa. Daga baya aka ce mini ma bakin yaron lafiyarsa ƙalau, a labari ne kawai ya ruɓe. Wai ya gaya wa malamar cewa an ɗauko shi ne don ya yi kamar ya ji haushi, amma yau bai sha wahalar kwaikwayo ba. Ya ce tabbas zai goge baki, amma ba zai sake zama a gabanta ba.

Yanzu dama ɗaya ta rage mata, za ta sake jarrabawar kafin ƙarshen zango. In ta sake faɗuwa za ta maimaita shekara gaba ɗaya, ba za a bar ta ta taɓa marar lafiya na gaske ba, abokan karatunta su gama su bar ta. Duk a kan magana. Ta yi kuka, amma ba ta ɗora mini laifi ba, kuma da ta ɗora da ya fi mini sauƙi, don da na san amsar da zan ba ta. Cewa kawai ta yi, "Mama, ni magana iri biyu na sani. In babba ne in yi shiru, in ƙarami ne in yi faɗa. Ban san ta uku ba." Tun ranar maganar nan take yawo a kaina.

Na ɗauki mayafi zan je makarantar in ga malamar nan, in tambaye ta ko ita ba ta da iyaye. Yarinyar ta tare ƙofa tana roƙona. Babansu ya ce in na tafi, shi zai bi ta wata hanya ya riga ni isa ya fara ba su haƙuri. Na ajiye mayafin.

Malamar ta ce su riƙa gwaji a gida da 'yan uwa. Na ce ni zan zama marar lafiyar, tunda ba wanda ya kai ni son ta ci. Muka jawo kujerar babansu mai kwantawa zuwa bakin taga, ta kawo ɗan madubinta mai dogon hannu da tocila da auduga. Ashe dokokin suna da yawa. Wai kada likita ya tsaya a kan mutum, ya zauna daidai da shi. Wai ya nemi izini kafin ya taɓa shi. Ya faɗi abin da zai yi, ya nuna kayan aikin, sannan ya yi. Kada ya jefa wa mutum tambaya alhali ya cika masa baki da auduga. Kada ya ce za ka ji zafi, sai dai ya ce za ka ji ɗan matsi, wanda ni a ganina ƙarya ce aka sa wa turare. Sannan a yi alkawari da marar lafiya, in ya ɗaga hannun hagu dole likita ya tsaya.

Ba mu taɓa kai gwaji ƙarshe ba. Ta zauna ta dube ni cikin ido yadda aka koya mata, kafin in ankara bakina ya ce, ni kike tsarewa da ido? Ta mayar da kai ƙasa. Ta ce, "Hajiya, me ke damunki yau?" Na ce ke ce ke damuna. Ko da auduga a bakina sai na ce ta gyara zamanta. Ba da niyya nake yi ba, Allah ya sani, fitowa yake yi da kansa. Mun gwada da babansu, shi kuma da an kwantar da kujerar sai barci.

Abin bai tsaya nan ba, darasin ya bazu a gidana. Babansu ne ya fara. Ina cikin yi masa magana a kan takalmin da yake bari a tsakiyar ƙofa, sai na ga ya ɗaga hannun hagu a hankali. Wai dokar likitoci ce, dole in tsaya. Ƙannenta suka ɗauka. Yanzu in na buɗe baki a falo sai in ga hannuwa sama kamar ana zaɓen monita. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ina tsayawa, ban san dalili ba. Ita ma yarinyar, abin da ta kasa yi a jarrabawa ni take yi wa. Shekaranjiya na tarar ba ta wanke tukunya ba, na fara ke nan ta jawo kujera ta zauna daidai da ni, ta ce, "Mama, in na fahimce ki, ranki ya ɓaci ne saboda tukunyar. Haka ne?" Na ce haka ne. Ta ce daga ɗaya zuwa goma, ɓacin ran ya kai nawa? Na ce sha biyu. Ta gyaɗa kai ta ce ta gode da na sanar da ita. Faɗan ya mutu a bakina, na tashi na wanke tukunyar da kaina.

Wani abin da ke kawo mana saɓani shi ne madubin nan. Na ce mata ta duba haƙoran gaba, sun ishe ta gwaji. Can ciki ta hagu ba ruwanta. Akwai wani haƙorin turmi da ya ɗan jima yana taɓa ni in na sha ruwan sanyi, amma ina tauna da dama, in ya matsa in danna masa kanumfari ya lafa. Ba shi ya sa na rubuto miki ba. Ni rabona da kujerar likitan haƙori tun ina yarinya, ranar da mutum biyu suka danne ni aka cire mini ɗaya, ba wanda ya ce mini ko sannu, sai ƙarar ƙarfe a cikin kaina. Ba tsoro nake ji ba, dalilin komawa ne ban gani ba. Kuma ai bai dace uwa ta wangale wa 'yarta baki ba.

Anti, ya zan yi? In je makarantar ko ta ƙi ko ta so? In janye daga gwajin in bar ta ita kaɗai? In ce mata tarbiyyar da na ba ta kuskure ce? In na faɗi haka, da wane baki zan yi wa ƙannenta magana gobe? Ni na saba in ga matsala in yi mata faɗa ta gyaru. Wannan na duba ko'ina na rasa wanda zan yi wa faɗa. Yarinyar tana ramewa, lokaci yana tafiya, ni kuwa duk sanda na buɗe baki don in taimaka sai in ƙara ɓatawa.

Taki,
Uwar da ake ɗaga wa hannu

*

Wa alaikumus salam, Maman Likita.

Da wannan sunan zan kira ki, don ina sa ran nan ba da jimawa ba kowa zai kira ki da shi. Ki yafe mini, ni ma na yi dariya a wurin hannuwan falo. Amma na ga inda abin yake ci miki rai, kuma ba ƙaramin abu ba ne shekara guda ta rayuwar yarinya.

Tarbiyyarki ba kuskure ba ce, kuma kada ki ce mata haka. Kin ba ta girmama mutane da faɗin gaskiya, kuma duka biyun likita yana buƙatarsu. Inda ta gaza shi ne kin raba mata duniya gida biyu, babba da ƙarami, alhali wanda ke kwance a kujerar nan ba ya cikin ko ɗaya. Ki dube shi: an kwantar da shi, an haska masa fitila a ido, bakinsa a buɗe ba ya iya kare kansa, wani yana riƙe da ƙarfe a kansa. Ko ya shekara saba'in ko sha bakwai, mai jin tsoro ne kawai. Dattijon da aka yi wa kara ba a tambaye shi taba ba, an bar shi da cutarsa. Saurayin da aka kunyata zai goge baki kwana biyu, sannan ya guji asibiti har sai haƙorin ya ruɓe da gaske. Faɗanki yana aiki a gida ne saboda 'ya'yanki sun san kina son su, kuma gobe ma a gidan za su tashi. Marar lafiya bai san 'yarki ba, kuma yana da ƙafar da zai tafi.

Maganar ɗan matsi kuwa, kina da gaskiya rabi. Bai kamata ta ce ba zafi alhali akwai ba. Ta faɗi gaskiya daidai girmanta, za ka ji tsini na ɗan lokaci sannan wurin ya mutu. Wannan kin fi kowa iya koya mata.

Kada ki je makarantar. Malamar ba abokiyar gabarki ba ce, kuma in faɗa ne ya kayar da 'yarki, naki faɗan ba zai tashe ta ba. Abin da za ki yi ya fi wannan wuya. Ki zaunar da ita ki ce mata da bakinki: in kin sa farar riga, na yarje miki ki dubi babba cikin ido, ki tambaye shi duk abin da aikinki ya ce ki tambaya, wannan ba rashin kunya ba ne. Ke kika kafa dokar, ke kaɗai za ki iya ɗage ta. Malamai goma ba za su cire mata abin da take jin zai ɓata miki rai ba. Ki tuna mata kuma cewa in ta sa takunkumi, ido kaɗai ya rage mata a fuska. In ta kai shi ƙasa, ba abin da marar lafiya zai riƙe.

Gwajin dattijai ki ba yayarki, tunda tana da lokacin dariya tana da lokacin zama a kujera. Na samari ta yi da abokan karatunta. Babansu kuwa a bar shi ya yi barcinsa, amma a gaya masa hannun hagu na wanda ke kan kujera ne, ba na wanda ya bar takalmi a ƙofa ba.

Yanzu in zo kan abin da kika ce ba shi ya sa kika rubuto ba. A duk wasiƙarki nan na fi daɗewa. Maman Likita, gwajinku yana rushewa ne saboda kina kwaikwayon marar lafiya na ƙarya alhali ke ta gaske ce. Duk sanda madubin nan ya doso hagu sai ki nemo faɗa, kuma faɗan yana korar sa. Ki lura, darasin nan da kike ganin ɓata lokaci ne, an ƙirƙiro shi ne saboda yarinyar da mutum biyu suka danne ba wanda ya ce mata sannu. Shekara nawa ke nan, har yau ba ta koma ba.

Ki ba 'yarki wannan labarin yadda kika ba ni. Ki ƙara kalmar da kika ƙi rubutawa, ki ce mata kina jin tsoro. Ba ta taɓa jin haka daga bakinki ba, shi ya sa ba ta san yadda ake magana da mai jin tsoro ba. Ba za ta iya yi miki faɗa ba don ke babba ce, ba za ta iya yin shiru ba don haƙorin uwarta ne. Dole ta nemo magana ta ukun da ta ce ba ta sani ba, kuma ina kyautata zaton tana da ita. Wadda ta iya kashe faɗan tukunya da tambaya biyu ba ta rasa baki ba.

Ki bar ta ta duba, amma kada ta yi miki aiki a falo. Ta kai ki asibiti, inda akwai kayan aiki da manyanta. Kanumfari yana kwantar da zafi ne, ba ya toshe rami. In kika ga kumburi ko zazzaɓi, a ranar za ki tafi, ba sai an gama shawara ba.

Ba zan yi miki alkawarin za ta ci ba, wannan yana hannun Allah da ƙoƙarinta. Abin da na sani shi ne girmanki ba zai ragu ba don kin buɗe mata baki. Ki kwanta a kujerar, ki bar ta ta dube ki cikin ido, ki bar gyaran zamanta zuwa wani lokaci. In abin ya yi miki yawa, ki ɗaga hannun hagu. Za ta tsaya.

Allah ya ba ki lafiya, ya ba ta sa'a, ya nuna miki ranar da za ta sa farar riga da sunanta a ƙirji.

Anti mai fili